Ƙanena ɗan shekara 15 yana hannun 'yan sanda, kawu ya ce gidan mari

Maman Hanif: Assalamu alaikum. Ƙanena aka kama da wayar da abokinsa ya ba shi ajiya, ashe ta sata ce. Mai wayar ya ce in an biya shi zai janye. Kawunmu kuma ya ce kada a biya, a bar kotu ta tura shi gidan gyaran hali, ko mu kai shi gidan mari da kanmu ya ji jiki. Aji uku yake a ƙaramar sakandare, ba ya shaye-shaye. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, yaya yaron ya ƙare?

Abu Sadik: Wa alaikumus salam. Indai ya fara shan ƙwaya, bi maganar kawu kawai.

Maman Hanif: Malam, na ce ba ya sha.

Hajiya Yalwa: 'Yata, ki roƙi kawunku don Allah. Ɗan yayata muka kai wani gida saboda sigari. Dubu 40 duk wata, ban da masara. Duk ranar ziyara sai mu tarar da shi da safa da dogon wando, ana zafin nan na Afrilu, malam na zaune a gefe, yaro sai dai "lafiya lau". Sai da muka dawo da shi uwarsa ta ga idon sawunsa, fata ta ɗaye inda mari ya ci. Har yau ba ya barci in an rufe ƙofa. Ƙwayar da ake tsoro kuma a can ya koyi sunayenta. Lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019, yayata kashe talabijin ta yi.

Abu Sadik: Dubu 40? An cuce ku Hajiya. Mu 15 muka biya, kuma namu ya shiryu, yanzu ɗinki yake yi.

Baban Ummi: Da kuɗin wata biyu ai an sayi wayar, har da caja.

Sani Lauya: A doka duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta ce tsarewa ita ce matakin ƙarshe, kuma ba a haɗa shi da manya. Kano ma ta sa hannu a tata a 2023. Ƙaramin laifi 'yan sanda na iya sasantawa ba tare da kotu ba. Ku je ofishin Legal Aid, hukumar da ke ba marasa ƙarfi lauya, kyauta ne.

Abu Sadik: Kai da ko aure ba ka yi ba za ka koya mana tarbiyya?

Zainab: Na yi aikin tattara bayanai da wata ƙungiya a gidajen ajiye yara. Rajista tana da ranar shiga da ranar fita, shi ke nan. Ba wanda ke bin sawu ya ga ko yaron ya koma makaranta, ko an sake kama shi bayan shekara. Abu Sadik naka ya shiryu, na Hajiya ya lalace, sauran da aka kai tare da su fa? Ki tambayi mai gidan marin wannan kafin ki ba shi ɗan mutane.

Hajiya Yalwa: Ku ma kun zo gidanmu da farar mota, kun cika takardu, ba mu sake ganin ƙeyarku ba.

Baban Ummi: Lauya, wannan "kyauta" irin ta beli ce? Ga shi a rubuce a bango, amma dubu 20 na ajiye kafin a sako ɗan maƙwabcina.

Ɗan Kurna: Ka samu sauƙi, mu 50. Kuma ni duk tausayin nan ban gane ba. Yaran da suka yanke ni a hannu suka ƙwace wayata ba su fi 15 ba. Wa ya zo da takarda ya tambaye ni?

Maman Hanif: Allah Ya ba ka lafiya. Amma jama'a, gobe za a kai shi kotu. In biya ko kada in biya?

Ɗan Kurna: Shi wanda ya ba shi ajiyar, an kama shi?