Kyankyaso ba ya da gaskiya a gaban kaji

Ɗan Ringim: Assalamu alaikum. A wajen sasanta rikicin iyakar gona a ƙauyenmu, wani dattijo ya ce wa wanda shari'a ta kayar: "Kyankyaso ba ya da gaskiya a gaban kaji." Wasu sun ce tausaya masa ya yi, wasu sun ce zaginsa ya yi. Wanne ne daidai?

Malamin Makaranta, Gaya: Wa alaikumus salam. Tausayi ne. Kyankyaso ba ya da makami sai gudu. Wasu 'yan tsinkaye biyu da ke bayansa suna jin motsin iska tun kafin bakin kaza ya iso, shi ya sa yake ɓuya a tsagar bango da rana, sai dare ya yi ya fito. Mai rauni ake nufi.

Inna, Gumel: Malam, ban yarda ba. Halittar da ke kwana a masai, ta hau kan tuwo da ƙwayoyin cutar gudawa a ƙafafunta, kashinta kuma ya tayar wa yaro da asma, wace gaskiya gare ta? Kakarmu, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa sayen maganin ƙwari ba. Kullum da magariba sai ta zuba toka a masai ta rufe bakinsa, ta share ruwan da ya taru a gindin randa, domin ta lura ƙishi ya fi yunwa saurin kashe shi: yana iya yin kusan wata guda bai ci ba, amma da ƙyar yake wuce mako ba ruwa. Da hantsi kuma ta ɗaga tabarmi da ƙorai, ta saki kaji. In ta ga jakar ƙwansa mai launin ƙasa-ƙasa, sai ta jefa a murhu, saboda ta manyan nan jajaye tana ɗauke da ƙwai wajen 16.

Ɗan Kasuwa, Wudil: Inna, Allah ya jiƙan kaka. Ni dai abin da ke ci mini rai shi ne masu zuwa neman ƙuri'a, da zarar sun hau kujera sai su zama kaji, talaka ya koma abincinsu.

Malamin Makaranta, Gaya: Alhaji, mu tsaya kan magana. Inna, ashe kaka ma kajin take kira su yanke hukunci.

Inna, Gumel: Kajin nata ne, ɗakin ma nata ne, Malam. A Gumel ma ba haka na ji ana faɗar maganar ba, cewa ake yi ba ya shiga rawar kaji.