Fatsa da kallon tsuntsaye a bakin tafki, za su haɗu a wuni ɗaya kuwa?

Sabon_Shiga:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, ƙarshen makon nan nake so in kai iyali wani gandun da aka keɓe wa tsuntsaye a bakin tafki. Ni fatsa ce za ta kai ni, babban yarona tsuntsaye ya sa a gaba, mamansu kuma ita dai ta samu inuwa ta huta. Duka ukun za su yiwu kuwa? Kuma ƙarfe nawa ya kamata mu isa?

Mai_Ƙugiya:
Wa alaikumus salam. Za su yiwu mana malam, amma fa sai kun yi sammako. Gari na wayewa kifi ke cin tana sosai, tsuntsayen ma lokacin suke fitowa kiwo, rana na take tsaka kifin ya nutsa ƙasa inda ruwa ya fi sanyi sai ka wuni riƙe da sanda ba ko motsi, sai kuma can da la'asar sakaliya. Kafin ka jefa ƙugiya ka fara tambayar masu gadin wurin, don yawanci akwai ɓangaren da aka hana kamun kifi saboda nan tsuntsayen suke sheƙa, wani wurin ma sai da takardar izini.

Uwar_Biyu:
Ni ta yaron zan yi magana. Ku samo masa madubin hangen nesa mai lamba 8x42, wato yana kusanto da abu sau 8, wanda ya fi haka ƙarfi hannun yaro rawa yake yi da shi ba ya ganin komai. Kar a sa masa farar riga ko ja, kuma a koya masa zama shiru, wallahi zalɓe na iya tsayawa cak a cikin ruwa ya daɗe kamar an dasa shi sannan farat ɗaya ya cafke kifi, 'yata har yau labarin take bayarwa. A tafi da maganin sauro, bakin ruwa ne.

Mai_Ƙugiya:
Hajiya ta tuna min abu. Dan Allah malam in zaren fatsarka ya tsinke kar ka bar shi a ciyawa, naɗe shi ka sa a aljihu. Na taɓa samun agwagwar ruwa zare ya naɗe mata ƙafa har ya shige nama, da ƙyar muka kwance ta, ranar ban iya ci gaba da fatsar ba. Dalmar nauyin nan da ake ɗaura wa zaren fatsa ma guba ce, tsuntsaye suna haɗiye ta tare da tsakuwa, shi ya sa a Ingila aka hana yawancin ƙananan tun 1987.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ban taɓa sanin zancen dalmar nan ba gaskiya, duk nawa irin su ne. Me kuke sawa a madadinta?