Idan lauyan da kotu ta naɗa ya yi shiru

Ga abin da aka tattaro daga hirar da wasu dangin fursunoni suka yi a Garwa da ke arewacin Kamaru, kan lauyan da ba ya ɗaga waya, ba ya leƙa gidan yari.

Dokar shari'ar manyan laifuka ta Kamaru, wadda aka zartar a 2005, ta wajabta wa alƙali ya naɗa lauya ga wanda ba shi da shi, idan laifin da ake tuhumarsa da shi yana ɗauke da hukuncin kisa ko ɗaurin rai da rai. Saboda haka ba alfarma ake roƙo ba. Kuɗin da gwamnati ke biyan waɗannan lauyoyi kaɗan ne kuma yana jinkiri, amma wannan ba uzuri ba ne.

Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce a daina dogaro da waya. A rubuta wa lauyan takarda da Faransanci, a kai ofishinsa, a karɓi kwafi mai sa hannu da kwanan wata. In shirun ya ci gaba, wanda ake tuhuma ya rubuta wa shugaban kotun yana neman a sauya lauya, sannan ya maimaita a gaban alƙali ranar zama, ta bakin tafinta in ya kama, domin a shigar a rubuce. Ana kuma iya kai kuka wurin wakilin shugaban ƙungiyar lauyoyi.

Wasu sun ce a haƙura kada a ɓata da lauya. A ganina haƙurin yana da haɗari, domin kwana 10 kacal ake bayarwa na ɗaukaka ƙara bayan hukunci.