Aikin sa kai nake yi amma hoto kawai ake ɗauka da ni, in bari ne?

'Yar Birni: Salamu alaikum jama'a, ku taimaka mini da shawara. Cutar shan inna ce ta kama ni tun ina ƙarama, da keken guragu nake yawo, wanda ake murzawa da hannu. Kawuna ya saya mini shi lokacin da na shiga kwalej, kuma duk wanda ya san lungunan unguwar Birni a Damagaram ya san wahalar: nan rairayi, can dutse, taya ta fashe sai an tura ni har bakin hanya wajen mai gyara. Na samu BEPC, takardar kammala kwalej, rasuwar babanmu ta hana ni ci gaba, yanzu ɗinki nake a gida. Bara na shiga wata ƙungiyar matasan unguwa masu bin gida-gida lokacin rigakafin shan inna da rabon maganin zazzaɓi na damina. Na ce a riƙa kai ni wajen iyayen da ke ƙin a ɗiga wa 'ya'yansu, don in sun ga ƙafafuna ba sai an yi dogon bayani ba. Amma kullum bakin tebur ake ajiye ni ina rubuta sunaye. Baƙi su zo daga Yamai, a turo ni gaba a ɗau hoto. Ranar da na fita da kaina, kafin in gama sallama wata tsohuwa ta miƙo mini dala ashirin. Tun abin da ya faru tsakanina da shugaban ba a kirana taro. In bari?

Dattijon Zango: Ɗiyata, ba ki bari, ba ki roƙon kowa. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008. Akwai dokar 1993, akwai ta 2019, kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki namu ne. Ki je reshen FNPH, haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta Nijar, na jiha ki kai kuka a rubuce. A rubuce na ce.

Mai Sanda: Baba, kashi 5 ɗin na ɗaukar ma'aikata ne, bai shafi aikin sa kai ba. Ni da lisans ɗina na jami'a, ranar da aka kira ni gwaji a wani ofis, a bene aka yi shi. Sai da mutum biyu suka ɗauke ni.

Dattijon Zango: Yaro, doka doka ce. Ku ne ba ku san bin ta ba.

Ɗan Garin Malam: Sadakar nan ita ta fi ci mini rai. Makaho ne ni, ina koyar da yara karatu kyauta, amma in na tsaya jiran kabu-kabu sai in ji an danƙa mini kuɗi a hannu. In ka mayar a ce girman kai gare ka. 'Yar uwa, ki tara irinmu ku kafa taku ƙungiyar.

Inna Hajiya: Wace irin tamu kuma? Ware kai shi ne abin da muke kuka da shi, ku tambayi mutanen Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare a da. Ɗiyata, koma bakin teburin nan, mai haƙuri shi kan dafa dutse. Amma me ya haɗa ki da shugaban? Ba ki faɗa ba.

'Yar Birni: Inna, ban zage shi ba. Tambaya na yi a gaban mutane, me ya sa masu fita ake ba su kuɗin sallama, ni ba a ba ni. Kuma ba don kuɗin na shiga ba, kowa ya sani. Baba, ƙara ba zan iya ba, yayan ƙawata ne, gidajenmu na kallon juna. Sabuwar ƙungiya kuma da me? Ko kuɗin faci sai na yi ɗinki.

Dattijon Zango: To kin ji abin da ke kashe mu. Kunya.

Mai Sanda: A gaban mutane kam da ɗan nauyi. Wa ke riƙe da takardar sunayen yanzu?

'Yar Birni: Tana wajena. Shi ya sa jiya ya aiko ƙanensa.