Shin madatsun Bakolori da Goronyo sun cuci gulbinmu?

Tsohon masunci, Argungu: Assalamu alaikum. Ina nan a kan bakana cewa tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, aka biyo da ta Goronyo a kan gulbin Rima, ruwa ya daina zuwa mana a kan lokacinsa. A da, idan gulbi ya malala cikin fadama da damina, kifi yakan bi shi ya zuba ƙwai a cikin ciyawa, idan ya janye kuma sai ya bar tafkuna cike da tarwaɗa da ƙarfasa, ya bar wa manoma laka mai albarka. Yau jikana yakan wuni da gora da homa, ya dawo da abin da bai cika kwano ba.

Manomin rani, Augie: Wa alaikumus salam. Baba, ban musa abin da idonka ya gani ba, amma ruwan da ake saki da rani shi ke hana gulbi ƙafewa, shi muke ja da inji mu noma shinkafa sau biyu a shekara. Da wannan noman na aurar da 'ya'yana biyu.

Malamar makaranta, Birnin Kebbi: Ku gafarce ni, ina ganin ba daidai ba ne a ɗora wa madatsa laifin duka. Mu ne muka sare itatuwan gaɓa har yashi ya cike gulbi, mu ne muke kamu da gidan sauro wanda ba ya barin ko 'ya'yan kifi, wasu har guba suke zubawa. Ku dubi gulbin Matan Fada na Argungu: saboda ana hana kamun kifi a cikinsa sai ranar bikin kamun kifi, wanda aka fara tun 1934, har yanzu akan fito da giwan ruwa da mutum ɗaya ba zai iya ɗauka ba. Wannan doka ta kakanninmu ce, ba wani injiniya ya kawo ta ba.

Tsohon masunci, Argungu: Malama, gaskiyarki a kan gidan sauro, ni ma na sha faɗa da yaranmu a kansa. Kai kuma ɗana, ka tuna ambaliyar 2020, yadda shinkafa ta nutse ana gab da yanka. Ban ce a rushe madatsa ba. Abin da nake nema shi ne, kafin a buɗe ƙofa ko a rufe, a zauna da Sarkin Ruwa da masunta da manoman fadama, a kuma riƙa sakin ruwa daidai lokacin da kifi ke ƙwai.