Kiran zaman lafiya a Gaza: da gaske ake ko fatar baki ce?

Abu Ammar: Salamu alaikum 'yan uwa. Wallahi raina a ɓace yake. Kullum shugabannin duniya sai kiran a zauna lafiya a Gaza, yara kuwa na can suna bin layin abinci da tukwane a hannu. Mutum sama da miliyan 2 a matse cikin zirin da bai wuce murabba'in kilomita 365 ba. Ma'aikatar lafiyar Gaza ta ƙirga sama da mutum 60,000 da aka kashe daga Oktoban 2023, asibitin Al-Shifa ya zama kufai. Amurkar da ke cewa sulhu take so, ita ce ta sha hawa kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu in an kawo ƙudurin tsagaita wuta. Ni dai na ce duk fatar baki ce, babu wanda yaƙin nan ya hana barci. Na san ba za ku tanka ba, da hoton biki na saka da tuni an cika nan.

Lauyan Gobe: Yaya, ka yi magana, amma ka janye kalmar "yaƙi". Yaƙi soja da soja ne. A nan jiragen sama ne a kan tantunan 'yan gudun hijira. Sunansa kisan kiyashi, kuma da wannan tuhumar Afirka ta Kudu ta maka Isra'ila a Kotun Duniya a Disambar 2023.

Ɗan Kwari: To ranar 7 ga Oktoba fa? An kashe mutum kusan 1,200 a Isra'ila, an kwashe kimanin 250. Hamas da bindigogi ta shiga ko da carbi? Yaƙi ne, ƙanena. Kuma shigar da ƙara daban, hukunci daban.

Lauyan Gobe: Alhaji, tarihin ya faro ne daga 1948, da aka raba Falasɗinawa kusan 700,000 da gidajensu. Ka fara ƙirge daga can.

Maman Hanan: Ku ji tsoron Allah. Hind Rajab, 'yar ƙaramar yarinya, tana cikin mota tsakanin gawarwakin danginta tana roƙon a zo a ɗauke ta ta waya, har ma'aikatan motar asibitin da suka tafi ceto ta aka kashe. Wannan ne yaƙi, Alhaji?

Ɗan Kwari: Hajiya, ni ban ce ba zalunci ba ne. Cewa na yi yaƙi ne. A yaƙi ma ana zalunci.

Malamin Ƙauye: Ko a Musulunci yaƙi yana da ƙa'ida, ba a kashe mata da yara. Abin da ya fita daga ƙa'ida ya tashi daga sunan.

Ɗan Maraɗi: Akaramakallahu, ashe ke nan yaƙin duniya na biyu ma ba yaƙi ba ne?

Abu Ammar: Jama'a, maganar 'yan siyasa na kawo. An tsagaita wuta a Janairun 2025, zuwa Maris aka koma ruwan bama-bamai. Wa ya hana? A kan wannan nake son jin ra'ayinku.

Sadauki 313: Wa zai hana? Larabawanku? Daular Larabawa da Bahrain da Maroko tun 2020 suka ƙulla hulɗa da Isra'ila. Iran ce kaɗai ta tsaya.

Malamin Ƙauye: Tsayuwar me? Ka tambayi mutanen Siriya irin tsayuwarta. Saudiyya ce ta kawo shirin zaman lafiya na Larabawa a 2002.

Sadauki 313: Takarda! Mu da muke fita ranar Ƙudus kowace Juma'ar ƙarshen Ramadan, kuna ina?

Malamin Ƙauye: Muna masallaci muna alƙunut, yaro.

Ɗan Kwari: Wai namu na Zamfara da Katsina da ake kwashewa kullum, su wa ya yi musu alƙunut?

Maman Hanan: Kullum sai an kawo wannan. Zuciya ɗaya ba ta iya jin zafi biyu ne? Kai da kake faɗa, me ka kai sansanin 'yan gudun hijira?

Ɗan Kwari: Ban saba tallata sadakata ba, Hajiya.

Ɗan Maraɗi: Lauya, har yau ba ka biya ni kuɗin katin da na tura maka ba, kana nan kana kotun duniya.

Lauyan Gobe: Ka same ni ta gefe, nan ba wurinsa ba ne.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka. Abin da na fahimta: mafi yawanmu sun yarda kisan kiyashi ne, ba yaƙi ba, kuma Alhaji bai kawo wata hujja ba sai musu. Malam ya yi bayani gamsasshe a kan ƙoƙarin Saudiyya, Allah ya saka da alheri. Wanda ya kawo tallan Iran, wannan gargaɗi na ƙarshe ne. Abu Ammar, gobe ka riƙa tauna kalma kafin ka rubuta, kai ka jawo duk wannan. Na rufe turo saƙo sai bayan sallar isha'i.