Abin da za a duba idan Raspberry Pi ta ƙi tashi

Raspberry Pi ƙaramar kwamfuta ce. Shawarar da ta fi yawa ita ce a fara zargin wuta kafin manhaja. Pi 4 tana buƙatar bolt 5 da amfiya 3, kuma cajar waya ko siririn kebul kan sa wutar ta faɗi, jar fitila ta mutu, na'urar ta yi ta sake kunna kanta.

Sai katin microSD, inda yawancin matsalar take. Kwafar fayil ɗin tsarin, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar, zuwa katin ba ta aiki. Rubuta shi ake yi da manhajar Raspberry Pi Imager, a bari ya gama tantancewa. Katin jabu kan nuna kamar ya karɓi rubutun, ya lalace daga baya, don haka a gwada wani. Tsarin bit 64 kuwa ba ya tashi a Pi 1 ko Zero ta farko.

A ƙirga ƙiftawar koren fitila: huɗu na nufin ba a ga start.elf ba, wato fayil ɗin da ke tada na'urar, bakwai kuma ba a ga kanel ba, wato zuciyar tsarin. In allo ne kawai baƙi, a sa kebul ɗin allo a ramin HDMI0, na kusa da ramin wuta, tun kafin a kunna.